Agonis a lambun gida: ina za a dasa ta, kuma me ke kashe ta?

Uwargida Perth:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san itatuwa. Fili ne a bayan gida, faɗinsa mita 7 daga gabas zuwa yamma, tsawonsa mita 10, a arewacin birnin Perth na Yammacin Ostireliya, kusa da teku. Ƙasar farin rairayi ce, in an haƙa kamar rabin mita sai a ci karo da dutsen farar ƙasa. Katanga ta kewaye gefe uku, bututun ruwan wanka kuma ya bi ta jikin katangar gabas. Bishiyar nan ake so a dasa, mai rassa masu zubowa ƙasa, wadda in an murza ganyenta yake ƙamshin na'ana'a, wato Agonis flexuosa. Shin za ta dace da wuri irin wannan? Wane wata ake dasawa? Sannan mai koren ganye za a saya ko mai jan ganyen nan da ake yayi?

Baba Mai Gandu:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ta fannin ƙasa da iska kin yi dace, don nan ne gidanta. Asalinta kudu maso yammacin Ostireliya ne, daga wajen Perth ta bi gaɓar teku ta Bunbury da Busselton da Margaret River har ta wuce Albany. Rairayin bakin teku da dutsen farar ƙasa su ta sani, iska mai gishiri ba ta damunta. Unguwar Peppermint Grove ma daga gare ta ta samo suna, mutanen Noongar kuwa, 'yan asalin yankin, wonil suke ce mata.

Inda gizo ke saƙar shi ne girma. Wadda kike gani a tukunya siririya kamar tsumagiya, ita ce za ta kai mita 8 zuwa 10 a tsawo, inuwarta ta yi faɗi kusan haka. Abin da masu saye ba sa dubawa shi ne gindi. Ki zagaya tsofaffin unguwannin Perth ki kalli waɗanda aka jera a bakin titi tun da daɗewa: gindin wasu ya kai mita guda a kauri, ya yi ƙulu-ƙulu, ya ɗaga daɓen da ke gefensa. Koriyar asali tana buƙatar tazarar mita 4 zuwa 5 daga katanga da bututu. Filinki mita 7 ne, ko a tsakiya tsak kika sa ta, mita 3 da rabi kawai ke tsakaninta da kowace katanga. Ba ta shiga.

Hajiya Mai Furanni:
Gaskiyar Baba. Shi ya sa mai jan ganyen ta fi dacewa da ke, wadda ake sayarwa da sunan After Dark. Tana tsayawa wajen mita 5 zuwa 6, faɗinta mita 3 zuwa 4. Sabon tohonta ja ne jawur, in ya ƙosa sai ya koma shuɗi-baƙi kamar 'ya'yan ɗinya, fararen furanninta kuma su fito a kai su haska. Sharaɗinta rana. In ba ta samun rana ta awa 6 ko fiye, launin zai dushe ya koma kore-kore mara kyau, rassan su yi sako-sako.

Akwai kuma Nana, gajeruwar. Ita wannan ba bishiyar inuwa ba ce, kurmi take yi, mita 1 da rabi zuwa 3, sabon ganyenta ja-ja. Shinge ake yi da ita, a jera da tazarar mita guda, a riƙa yi mata aski sau biyu a shekara.

Ɗan Gandun Daji:
Hajiya, ina da ja kaɗan. After Dark ba ta da ƙarfin koriyar, girmanta a hankali yake, wanda ke neman inuwa da wuri zai jira. Na biyu, a kanta aka fara ganin ciwon tsatsa, wata fumfuna mai kama sabon toho, a Ostireliya, a watan Afrilun 2010, a wata gona da ke yankin Central Coast na jihar New South Wales. Bai kamata a ba da shawararta ba tare da an faɗi wannan ba.

Hajiya Mai Furanni:
Malam, an faɗa yanzu, kuma ya kamata a faɗa. Amma ka duba inda mai tambaya take. Wannan fumfunar ɗumi da laima take so, ganye ya kwana a jiƙe. Lokacin zafin Perth busasshe ne ƙayau. A jihar Yammacin Ostireliya sai 2022 aka fara ganin ciwon, can ƙuryar arewa a Kimberley, fiye da kilomita 2,000 daga Perth. Jihar kuma ta hana shigo da tsiron dangin agonis daga jihohin gabas. Abin da ya rage wa ƙanwata shi ne ta saya a gidan renon da ke nan cikin jihar, kada wani ya ɗauko mata reshe a jaka daga Sidni ko Birisben. Ita koriyar ma ai ba ta tsira daga tsatsar ba, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ɗan Gandun Daji:
Na yarda da wannan. Maganar jinkirin girma dai tana nan.

Malam Mai Reno:
Bari in ɗauki tambayar wata da dashe, don a nan ake asarar yawancin bishiyoyin, tun kafin su cika shekara.

A Perth, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, bayan ruwan farko ya sauka ƙasa ta jiƙa. Ruwan birnin kusan duka tsakanin Mayu da Satumba yake zuba, to in kin dasa a lokacin, saiwa ta samu wata biyar ko shida tana nutsawa kafin zafin Disamba. Wanda ya dasa a Nuwamba ya ɗora wa kansa dakon ruwa, kuma sau da yawa tohon yana ƙonewa.

Wurin saye kada ido ya ruɗe ki da doguwa. Mai tukunyar lita 5 zuwa 25 ta fi mai lita 100 saurin kama ƙasa, kuma cikin 'yan shekaru takan kamo ta a tsawo. Ki ce a zare miki ita daga tukunya ki ga saiwar. In fararen ƙananan saiwoyi ne suka riƙe ƙasar, madalla. In kuwa kin ga masu kauri sun naɗe suna zagaya tukunya kamar gammo, ki ajiye ki ɗauki wata. Irin wannan saiwar ba ta warwarewa da kanta, haka za ta ci gaba da zagayawa, gindi na kauri tana shaƙe shi, wata rana iska ta kayar da bishiyar daga tushe. In naɗin kaɗan ne, a sa wuƙa mai kaifi a sassaƙe kamar santimita 1 zuwa 2 daga gefe-gefe da ƙasan dunƙulen.

Rami ya ninka faɗin tukunya sau biyu ko uku, amma zurfinsa daidai tsayin dunƙulen saiwar, kada ya wuce. Kafin a sa, a share ƙasar saman tukunya da yatsa har a ga inda saiwa ta farko ta fito daga jikin itacen. Wannan wurin shi zai zauna daidai da fuskar ƙasa. Binne shi da ko santimita 5 ne yana sa ɓawo ya ruɓe a hankali, sai bayan shekara biyu ko uku a ga ganye na zuba ba a san dalili ba. A mayar da ƙasar, a danna da hannu, a yi mata kwano mai faɗin kamar santimita 80, a zuba ruwa lita 20 a hankali.

In an taɓo dutsen farar ƙasa a rabin mita ba komai, saiwarta na bin tsagogin dutsen. Sai dai in ya zama shimfiɗa guda mara tsaga, nan a sa diga a farfasa ƙasan ramin.

Injiniyan Ruwa:
Malam bai taɓo babbar matsalar rairayin Perth ba: ƙin shan ruwa. In ya bushe da zafi, wani maiƙo daga ruɓaɓɓen ganye yana lulluɓe ƙwayoyin rairayin, sai ka zuba ruwa ya dunƙule a kai kamar a ganyen gwaza, ya gangara gefe. Sama a jiƙe, ka tona santimita 3 ka tarar da ƙura. Shawarata a gauraya yumɓun kawolin kilo 5 zuwa 10 a kowace murabba'in mita, zuwa zurfin santimita 25, a faɗin da ya kai mita 1 da rabi, haɗe da ruɓaɓɓen taki kaɗan. Yumɓu ba ya ƙarewa kamar taki, sau ɗaya ake sa shi.

Malam Mai Reno:
Injiniya, da lemo ko mangwaro ake magana da na sa hannu. Amma wannan a cikin wannan rairayin aka halicce ta. In ka gyara rami ya yi daɗi fiye da kewayensa, ka yi mata wata tukunyar ce a cikin ƙasa: saiwa ta zauna a ciki ta ƙi fita, takin ya ruɓe ya zauna, bishiyar ta nutse ƙasa da inda aka sa ta.

Injiniyan Ruwa:
Ai shi ya sa na ce faɗin mita 1 da rabi, ban ce cikin rami kaɗai ba. Kuma rairayin sabuwar unguwa ba na daji ba ne. Magina sun kankare na sama sun zuba rawayan yashi na cike, babu ganye babu komai a cikinsa.

Baba Mai Gandu:
Ku biyun kowa da gaskiyarsa, abin da zai raba gardamar gwaji ne. 'Yata, ki zuba ruwa kofi guda a busasshiyar ƙasar wurin. In ya nutse nan take, ki bi Malam, kada ki ƙara komai. In ya tsaya ya fi minti guda yana ƙyalli, ki bi Injiniya, amma a faɗaɗa, kuma takin kada ya wuce kashi 1 cikin 5 na ƙasar. Ko wanne kika bi, ki sa maganin jiƙa ƙasa, wanda ke sa rairayi ya sha ruwa, a kwanon a farkon Nuwamba, ki sake a Fabrairu.

Uwargida Perth:
Allah ya saka da alheri, Baba. An gwada, ruwan ya tsaya. To ban ruwa fa, da takin zamani?

Injiniyan Ruwa:
Daga dashe zuwa Satumba sama za ta yi miki aikin, sai in an yi kwana 10 ba ruwa. Ki tuna daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Agusta an hana kunna na'urar yayyafi a Perth, sauran shekara kuma kwana biyu ne a mako, amma ban ruwa da hannu ba a hana ba. Zafin farko, Nuwamba zuwa Maris, lita 20 sau biyu a mako, in an shiga kwanakin digiri 38 zuwa 40 a ƙara na uku. Zafi na biyu, lita 30 zuwa 40 sau ɗaya a mako, kuma a faɗaɗa kwanon, don saiwa ta wuce inda take. Daga shekara ta uku sau ɗaya a wata ya isa, a jiƙa sosai. Yayyafin minti biyar kullum shi ne mafi muni, yana tara saiwa a sama, ita ce ke ɗaga daɓe daga baya.

A rufe gindi da manyan ɓarɓashin itace, kaurin santimita 5 zuwa 7, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin bishiyar.

Hajiya Mai Furanni:
Taki kuwa kaɗan. Mutane na tsoron fosforas ga duk wani tsiron Ostireliya, alhali masu wannan larurar dangin banksiya da girebiliya ne, wasu itatuwan furanni na ƙasar. Agonis dangin bishiyar turare ce da gwaba da kanumfari, ba ta cika damuwa da shi ba. Duk da haka cikin hannu guda na taki mai narkewa a hankali, giram 30 zuwa 50, a Satumba, ya wadatar a shekara biyun farko. In aka cika mata nitirojin sai ta yi dogayen rassa masu taushi, iska ta karya, ƙwari su taru. A ƙasar farar ƙasa wani lokaci sabon ganye kan yi ɗorawa jijiyoyinsa na kore. Ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, a ba ta wanda aka rubuta EDDHA a jikinsa, shi ne ke aiki a irin wannan ƙasar.

Ɗan Gandun Daji:
Saura turke da aski, kuma ina roƙon a karanta wannan da kyau, domin bishiya ce da kan yi shekaru masu yawa, siffar da aka ba ta a shekara ukun farko da ita za ta tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A cire sandar gorar da ta zo da ita daga gidan reno, wadda aka ɗaure ta tamau a jiki. In bishiyar na iya tsayuwa, a bar ta haka. In tana kwantawa, turke biyu a wajen dunƙulen saiwa, ɗaya ta inda iskar teku ke bugowa, wato kudu maso yamma, ɗaya a ɗaya gefen. A ɗaure da ƙyalle mai faɗi a kashi ɗaya cikin uku na tsayinta, sako-sako yadda kanta zai riƙa kaɗawa. Kaɗawar ce ke sa gindi kauri. Bayan wata 12 a kwance. Igiyar da aka manta tana nutsewa cikin ɓawo ta yanke hanyar abinci.

Halinta ne ta rabu biyu ko uku tun daga ƙasa-ƙasa. A daji ba laifi. A gida kuwa, in rassa biyu masu kauri ɗaya suka tashi tare a matse, ɓawo na shiga tsakaninsu maimakon itace ya haɗe, ruwa ya riƙa kwanciya a wurin, bayan shekaru nauyi ya tsage bishiyar gida biyu. Wasu tsofaffin da ake sarewa wannan ne sanadinsu. Maganin tun tana ƙarama ne: a zaɓi kai guda mafi miƙewa, abokin takararsa a rage masa kashi ɗaya cikin uku a bana, baɗi a cire shi gaba ɗaya. Ƙananan rassan ƙasa kada a yi gaggawar share su, suna ciyar da gindi suna kare ɓawo daga rana. A riƙa cire biyu ko uku a shekara daga ƙasa, kafin su kai kaurin babban yatsa, har a samu mita 2 da mutum zai wuce. Kada a cire fiye da rubu'in ganyen a shekara guda.

Reshe mai nauyi yanka uku ake masa. Na farko daga ƙasa, santimita 25 daga jiki, zarto ya shiga kashi ɗaya cikin uku. Na biyu daga sama, gaba da na farkon kaɗan, reshen ya faɗi ba tare da ya ɓare ɓawo ba. Na uku a cire guntun, dab da kumburin da ke gindin reshen, ba a taɓa kumburin ba, don shi ne ke rufe ciwon. Ba a shafa fenti ko kwalta.

Abin da ba a yi ko kusa shi ne gundule kai. Za ta yi toho, sosai ma, har mai gida ya ce ta yi kyau. Amma wannan tohon a fatar ɓawo yake manne, ba shi da tushe a cikin itacen, ruɓa kuma na bin wurin yankan tana gangarawa ciki. Waɗanda aka gundule a ƙarƙashin wayar lantarki shaida ne, ciki duk kogo.

Hajiya Mai Furanni:
Ƙari kaɗan: askin kwalliya bayan fure ake yi. A nan tana fure tsakanin Agusta da Disamba, ƙananan farare masu kunne biyar, curi-curi a jikin reshe inda ganye ya fito. Wanda ya yi aski a Yuli ya zubar da furen shekarar. Jelar da ke jan ƙasa kuma kada a daidaita ta da almakashin shinge kamar gezar labule, a bi kowane reshe a yanke a mahaɗa, tsayi daban-daban.

Anti Sidni:
Tunda an ambaci tsatsa, don Allah a yi bayani dalla-dalla saboda mu na gabas. Yaya ake gane ta, kuma akwai magani?

Ɗan Gandun Daji:
Anti, sunanta Austropuccinia psidii, daga Kudancin Amurka ta fito, a jikin gwaba aka fara bayyana ta a Burazil a 1884. Ta isa Hawai a 2005, Afirka ta Kudu a 2013, Niyu Zilan a 2017. Sabon toho kaɗai take kamawa, da huda da ɗanyun 'ya'ya. Da fari ɗige-ɗige ne ja-ja ko shuɗi-shuɗi, bayan 'yan kwanaki su fashe da gari rawaya shar kamar gwaiduwar ƙwai, galibi a bayan ganye. Ganyen ya murɗe, kan reshen ya mutu, bishiyar ta sake toho, a sake kama shi, haka har ta gaji. Tana son zafin digiri 15 zuwa 25 da ganye jiƙaƙƙe na awa 6 zuwa 8, musamman da dare.

Magani akwai: masu tirayadimenol, ko azoksistirobin, ko haɗin tebukonazol da tirifuloksistirobin, ana sauya su don kada fumfunar ta saba, a bi awon da ke jikin kwalba. Masu jan ƙarfe da mankozeb kariya kawai suke yi kafin kamuwa. In za a cire reshen da ya kamu, a fesa tukuna, washegari a sa leda a rufe shi kafin a yanka, a ɗaure a bar ledar a rana makonni, a wanke almakashi da tufafi. Kada a kai shi juji ko ramin taki.

Amma gaskiyar magana, Anti, wa zai riƙa fesa bishiya mai mita 6 duk bayan mako biyu ko uku har abada? A gaɓar teku daga Sidni zuwa Birisben ni ba na ba da shawarar dasa agonis, kowace iri. A nemi abin da ba na wannan dangin ba.

Yaya Kalifoniya:
A nan gaɓar Kalifoniya, daga San Faransisko zuwa San Diyego, ana dasa ta sosai a tituna, don yanayin ya yi kama da na Perth. Watanni ne kawai ke juyawa: dashe Oktoba zuwa Disamba, fure wajen Mayu da Yuni. Abu biyu ke cin ta. Na ɗaya laka da ruwan ciyawar kwalliya. In an dasa ta tsakiyar ciyawar da ake yi wa yayyafi kullum a ƙasa mai riƙe ruwa, saiwa na ruɓewa: ganye ya dushe, kai ya yi sako-sako, in an kankare ɓawon gindi a ga launin ruwan ƙasa maimakon fari-kore. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika da ruwa ya tsotse, a sake cikawa. In bai sauka da santimita 2 da rabi a awa ba, a yi tudu mai tsayin santimita 25 zuwa 30, faɗin mita 1 da rabi, a dasa a kai. Na biyu jaura. Wajen digiri 3 ƙasa da sifili ganye na ƙonewa, in ya wuce 4 rassa na mutuwa. Sau da yawa takan farfaɗo daga gindi, don haka kada a yi saurin tumɓukewa, kuma kada a yanke ƙonannen sai sanyi ya wuce an ga inda toho ya tsaya.

Malam Mai Reno:
Kan ruɓar saiwa a ƙara wannan. A Yammacin Ostireliya ana lissafa ta cikin masu jure Phytophthora cinnamomi, ƙwayar cutar da ke ruɓar da saiwa, wadda ke kashe banksiya da jara (wani nau'in bishiyar turare). Amma a 2009 an bayyana wata 'yar uwarta, Phytophthora multivora, kuma agonis na cikin itatuwan da aka same ta a saiwarsu. Akwai kuma gyambon reshe da ke bayyana in fari ya galabaitar da ita. Shi ya sa ruwan nan na sau ɗaya a wata da Injiniya ya faɗa bai kamata a raina shi ba, ko ta girma.

Ɗan Jos:
Ranku ya daɗe, mu na gida fa? Tunda 'yar uwarta turare ta karɓi Arewa, ita ba za ta yi ba?

Baba Mai Gandu:
Ɗana, turaren da aka yi shingen kare hamada da shi a Kano da Jigawa, yawancinsa Eucalyptus camaldulensis ne, wanda a Ostireliya ma yana rayuwa har yankuna masu zafi da damina irin tamu. Agonis kuwa ruwan sanyi ta sani da busasshen zafi. A Kano abin a juye yake: ruwa da zafi tare daga Yuni zuwa Satumba, sannan wata bakwai ba ɗigo, ga hunturu mai busar da ganye, ga digiri 40 a Afrilu. Ba wurinta ba ne. Jos, da tsayinta na kusan mita 1,200, ta fi sauƙin zafi, amma damina mai tsawo da laima su ne daidai abin da ruɓar saiwa ke so. Mai son gwaji sai a kan tudu, ƙasa mai tsakuwa, kuma da iri, ba da tsiro ba, bayan ya karɓi izinin hukumar killace tsirrai ta ƙasa. Ɗanyen reshe na iya ɗauko tsatsar nan, mu kuma ga gwaba ga turare ko'ina.

Ɗan Jos:
Na gode Baba. Yaya ake shuka irin?

Malam Mai Reno:
Da sauƙi. 'Ya'yan ƙananan ƙwanso ne masu tauri, milimita 3 zuwa 4, a cure. A tsinko waɗanda suka yi ruwan toka ba su buɗe ba, a sa a jakar takarda a wuri mai ɗumi, cikin mako ɗaya ko biyu su zubo da iri kamar ƙura. Ba ya buƙatar jiƙo ko ruwan zafi. Yashi mai tsakuwa-tsakuwa kashi 3, niƙaƙƙen ɓawon kwakwa kashi 1, a barbaɗa a sama a danna, ba a binnewa. A tsoma gindin tukunyar a faranti mai ruwa ya riƙa tsotsa daga ƙasa, don ruwan sama-sama na wanke irin. Mako 2 zuwa 4 ya tsiro. In ya kai santimita 3 a raba zuwa dogayen leda.

Sai dai After Dark da Nana da mai rodi-rodin ganye ba a dogara da iri a kansu, 'ya'yan na iya komawa siffar asali. Su da yankan reshe ake yi, santimita 8 zuwa 10, wanda ya fara ƙosawa, a tsoma a garin fito da saiwa, a yi da yawa don ba duka ke kamawa ba. Sannan wanda ke kusa da daji a wajen yankinta ya kula, irin na bazuwa, a jihar Biktoriya ana lissafa ta cikin masu mamaye daji.

Hajiya Mai Furanni:
Wani abu da ya kamata na kudu su sani. A Busselton da Bunbury da Albany ganyen koriyar shi ne babban abincin wata 'yar dabbar dare mai jaka a ciki da naɗaɗɗiyar wutsiya, Noongar na ce mata ngwayir, wadda ke dab da ƙarewa. Duk mai fili a can, asalin koriyar ya kamata ya dasa, ya bar rassa su haɗu da na maƙwabta don dabbar ta wuce ba ta sauko ƙasa ba.

Uwargida Perth:
Allah ya ƙara sani, na gamsu. After Dark za a saya, mai lita 25, a dasa a Mayu. Wane gefe za a sa ta, kuma me zai rayu a ƙarƙashinta?

Baba Mai Gandu:
Mita 3 daga katangar yamma, sai ya zama mita 4 ke tsakaninta da bututun gabas, kuma ta tare miki ranar la'asar da zafi. Kada ki sa ta dab da tagogin da ke kallon arewa, don a nan ta arewa ranar sanyi ke shigowa, ita kuma ba ta zubar da ganye. Ciyawar kwalliya ba za ta yi a gindinta ba, inuwa da saƙar ƙananan saiwoyi za su cinye ta. Ki sa tsirrai masu dogon ganye irin na ciyawa, kamar lomandira ko diyanela, ko Lepidosperma gladiatum da ke fitowa ƙarƙashinta a daji. Ki dasa su rana ɗaya da bishiyar, aƙalla santimita 80 daga gindi, don bayan shekara uku ko cebur ba zai shiga wurin ba sai ya yanki saiwa.